TSOFAFFIN GIDAJEN ƘAUYE NA ƘASAR INGILA: YADDA AKA GINA SU DA YADDA AKE TSARE SU

A yammacin ƙasar Ingila, cikin lardin Gloucestershire, akwai wani ƙauye da ake kira Bibury, wanda ke da nisan kimanin mil 80 daga birnin Landan. A gefen ƙauyen, kusa da wani ɗan kogi mai suna Coln, akwai ƙananan gidaje guda tara da suke jere manne da juna, bangonsu na dutse, rufinsu ma na dutse. Sunan wannan jeri Arlington Row. Wanda ya tsaya a gabansu ba zai ga wata ƙawa irin ta gidan sarauta ba. Ƙofofin gajeru ne, dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga. Tagogin ƙanana ne, rufin kuwa ya lotsa a nan ya tasa a can saboda tsufa. Duk da haka, a cikin littafin hukuma, darajar waɗannan gidaje ɗaya ce da ta Fadar Buckingham. Ba mai ikon ya sauya ko da taga ɗaya a jikinsu sai da iznin hukuma a rubuce, wanda kuwa ya yi gaban kansa, kotu tana iya ɗaure shi.

Wajen shekara ta 1380 aka yi wannan gini, kuma ba don mutane su zauna a ciki aka yi shi ba. Sito ne na ajiye gashin tumaki, mallakar wani gidan ibada na 'yan zuhudun Kirista. Sai a ƙarni na 17 aka rarraba shi da bango, aka fitar da tagogi a rufin, aka mai da shi gidajen masaƙa. Masaƙan sukan kai ƙyallen ulun da suka saƙa wurin wani injin da ruwa ke juyawa a wanke masa maiƙo, sa'an nan a shanya shi a wata fadama da ke gabansu. Ashe ke nan gidajen ma'aikata ne, masu neman abin sawa a baka. Wannan darasi zai duba yadda aka gina irin waɗannan gidaje, da abin da ya sa wasunsu suka kai shekara ɗari biyar suna tsaye, da kuma inda ikon dokar da ke tsare su ya tsaya.

GIDAN WA NE?

Turawa suna kiran irin wannan gida kotej. Kalmar tsohuwa ce. A cikin babban littafin ƙidayar filaye da Sarki William na Ɗaya ya sa aka rubuta a 1086, an ambaci wani rukunin talakawa waɗanda ba su da gona ta kirki, sai ɗan ɗaki da 'yar gayauna, suna yi wa mai ƙasa ƙwadago. Sunansu da sunan gidan tushe ɗaya ne.

Amma a nan ya kamata mai karatu ya yi hattara. Ɗakunan waɗancan talakawa kusan babu wanda ya rage, sun daɗe da komawa ƙasa. Galibin gidajen da suka wuce shekara 400, waɗanda yanzu ake kira kotej, a zamaninsu gidajen masu hali ne, watau manyan manoma da fataken ulu da limaman coci. Da zamani ya juya, masu halin suka gina sababbi suka koma, aka raba tsofaffin gida biyu ko uku aka zuba leburorin gona. Gidan da Anne Hathaway, matar marubucin nan Shakespeare, ta tashi a cikinsa a ƙauyen Shottery, kowa kotej yake kiransa, alhali kuwa gidan babban manomi ne mai ɗaki goma sha biyu, kuma sashensa mafi tsufa tun 1463 yake.

Hukuma ma ba ta taɓa sakin wannan al'amari ba. A 1589, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, aka yi doka cewa kada a gina kotej sai an haɗa shi da fili eka huɗu, don kada ƙauyuka su cika da waɗanda ba su da abin ciyar da kansu. An soke dokar a 1775, daidai lokacin da masu ƙasa suke shinge makiyaya da gonakin da dā jama'a suke mora tare. Ƙananan manoma da yawa suka zama 'yan ƙwadago, suna zaune a gidan maigidansu, ran da aiki ya ƙare kuwa zama ya ƙare. A lardin Dorset wani attajiri mai suna Joseph Damer ya ga cewa wani tsohon gari da ke kusa da gidansa yana ɓata masa kallo, sai ya sa aka rushe garin a shekarun 1770, ya gina wa mutanen sabon ƙauye a bayan tudu. Shi ne Milton Abbas: gidaje 36 na laka da jinka, an jera su sahu biyu, kowane gida na iyali biyu. Yau baƙi suna zuwa daga nesa su ɗauki hotonsa. Waɗanda aka tasa kuwa ba a tambaye su ba.

KOWA DA ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘAFARSA

Kafin a haƙa hanyoyin ruwa, kafin kuma jirgin ƙasa ya yaɗu daga shekarun 1830, ɗauko dutse daga nesa abu ne da ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Saboda haka kowane yanki ya yi gini da abin da Allah ya ajiye masa a ƙasarsa. Har yau wanda ya san aikin, in aka nuna masa hoton tsohon gida, yakan iya faɗin lardin da yake.

A tuddan Cotswold, inda Bibury yake, akwai wani dutse mai launin zuma, dangin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa. Yana da taushi in an haƙo shi, yana kuma ƙara tauri in ya sha iska. Da shi aka yi bango mai kauri wajen ƙafa biyu, fuska biyu na jerarren dutse, tsakiya a cika da ɓaraguzai da laka. Rufin ma dutsen ne, an fasa shi fale-fale. A wasu wuraren sanyi ne yake yi musu fashin: a haƙo dutsen da kaka, a riƙa jiƙa shi, a shimfiɗa shi a fili, in ruwan da ke cikinsa ya daskare da hunturu sai ya tsage da kansa. Ana huda kowane falle a rataye shi da ƙusar icce, manya a ƙasa wajen baki, ƙanana a sama wajen ƙololuwa. Nauyin irin wannan rufi ba kaɗan ba ne, shi ya sa katakon da ke ɗauke da shi yakan lotsa bayan ƙarnuka, kamar yadda ake gani a Arlington Row.

Inda daji yake da yawa kuwa, katako aka yi amfani da shi, musamman na wani icce mai tauri da ake kira ok. Hanya ɗaya daga cikin mafi tsufa ita ce a nemi icce mai lanƙwasa, a tsaga shi biyu a tsaye, a kafa ɓarin biyu suna fuskantar juna, kawunansu su haɗu a sama. Siffar ta yi kusa da bakan da maginan Hausa suke ɗaurawa da azara a cikin soro. In aka kafa irin wannan baka biyu ko uku a jere, tsakanin kowanne kimanin ƙafa 16, aka haɗa su da gungume a sama, to ƙashin gida ya tsaya, bango ba ya ɗauke da kome sai kansa. Haka aka yi tsohon sashen gidan Anne Hathaway. Daga baya kafintoci suka fi son haɗa katako murabba'i-murabba'i kamar akwati. A harabar kafinta ake sassaƙa kome, a sa wa kowace mahaɗa lamba da kurfi, a kwashe a kai wurin ginin a harhaɗa da turakun icce, ba a sa ƙusar ƙarfe. Lambobin nan suna nan a jikin katakon gidaje da yawa. Tsakanin katako da katako sai a saƙa tsumagu kamar asabari, a yaɓe ciki da waje da laka haɗe da ciyawa da kashin shanu. Da yake ɗanyen icce ake sassaƙawa, domin busasshen ok yana cin kaifin gatari, katakon yakan karkace yayin da yake bushewa. Karkatar da ake gani a waɗannan gidaje sau da yawa tun farkon rayuwarsu ta auku, ba alamar faɗuwa ba ce. Baƙin fentin da ake shafa wa katakon kuwa yawancinsa yayi ne na ƙarni na 19.

Hanya ta uku ita ce wadda Bahaushe zai gane da kallo ɗaya. A kudu maso yamma, a lardunan Devon da Dorset, da laka aka yi gini, kuma Turawa suna kiran wannan aiki kob. Ana haƙo ƙasa mai yumɓu, a zuba mata ruwa da karan alkama, mutane ko shanu su tattake har ta kwaɓu. Bambancinsa da ginin ƙasar Hausa shi ne ba a yin tubali. Ana fara jera harsashi na dutse ya tashi ƙafa ɗaya ko biyu daga ƙasa, sa'an nan a riƙa ɗora ɗanyar lakar da cokalin ƙarfe mai yatsu, wani yana sama yana tattakewa. In ɗori ɗaya ya kai wajen ƙafa biyu sai a dakata, a bar shi mako ɗaya ko biyu ya sha iska, a sassabe gefensa ya daidaita, kana a ɗora na gaba. A ƙasar da rana ba ta da ƙarfi, gida ɗaya yakan ci bazara guda ko fiye. Kaurin bangon yakan kai ƙafa biyu har uku, kusurwoyinsa a zagaye, a ƙarshe a shafe shi da farar ƙasa. Dubban irin waɗannan gidaje suna nan ana zaune a ciki. Gidan da aka haifi marubuci Thomas Hardy a 1840, a Dorset, na laka ne da jinka, kakan mahaifinsa ne ya gina shi a 1800. A gabashin ƙasar kuwa, wajen Norfolk, a ƙarni na 19 an yi gini da bulon laka wanda aka zuba a mazubi aka shanya ba a ƙona ba.

Mutanen Devon suna da wata magana a kan ginin laka, cewa abin da yake bukata shi ne malafa mai kyau da takalmi mai kyau. Malafar ita ce jinka mai faɗin baki, wadda ke jefar da ruwan sama nesa da bango. Takalmin shi ne harsashin dutse, wanda ke hana laima ta hau daga ƙasa. Duk sirrin daɗewar waɗannan gidaje yana cikin wannan magana.

JINKA

An hana yin sabuwar jinka a birnin Landan tun 1212 saboda gobara, amma a ƙauye ta ci gaba da zama rufin kowa har jirgin ƙasa ya fara kawo fallayen dutse masu araha daga ƙasar Wales. Abu biyu ake baibaya da su: karan alkama, da wata doguwar ciyawar fadama mai kama da kyauro, wadda ta fi yawa a Norfolk. Ba a yin yanta a naɗa kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa. Dami-dami ake jerawa daga ƙasa zuwa sama, kowane sahu ya rufe na ƙarƙashinsa, a danne da tsumagu, a kafe da wasu ƙananan itatuwa da aka tanƙwara biyu. Kaurin ya kai inci 12 ko fiye, kuma dole tsaikon ya miƙe sosai, domin ruwa ya gangare tun bai shiga ciki ba. Ciyawar fadama takan kai shekara 40 ko fiye, karan alkama bai kai haka ba, ƙololuwar kuwa ana sabunta ta kowace shekara 10 zuwa 15.

Akwai wata al'ada ta masu baibaya da kara wadda ta zama alheri ga masu binciken tarihi. In jinka ta tsufa ba su kwashe ta duka, sai su cire ruɓaɓɓen saman su ɗora sabo. Saboda haka a gidaje sama da ɗari biyu a kudancin ƙasar, akasarinsu a Devon, an tarar da shimfiɗar farko tana nan a ƙarƙashi, baƙa ƙirin da kunkunniya, tun fiye da shekara 500. Masana tsirrai sun sami zangarniyar irin alkama da hatsin da manoman wancan zamani suka shuka, har da ciyayin da suka tsiro a gonakinsu. Ranar da aka kwashe irin wannan jinka aka ƙone, to wannan shaida ta tafi, ba kuwa mai iya maido ta.

DAGA MURHU ZUWA BENE

Me ya kawo kunkunniya a cikin jinka? Gidan farko babban ɗaki ɗaya ne a buɗe har sama, ba bene, murhu yana tsakar ɗaki, hayaƙi yana neman hanyarsa ta cikin rufi. Wani gida da ke ƙauyen Alfriston a Sussex, wanda aka gina wajen 1400, har yanzu yana nuna wannan fasali. Daɓensa na alli ne da aka kwaɓa da tsamin nono aka daɓe.

A ƙarni na 16 da na 17 aka sami babban canji. Manoma suka sami kuɗi, jan bulo ya samu, gilashi ya yi sauƙi. Aka riƙa gina bututun hayaƙi a tsakiyar tsohon gida, aka shimfiɗa katako a raba tsawon ɗakin biyu, sama ta zama wurin kwana. Wani masanin tarihi, W. G. Hoskins, ya yi rubutu a 1953 inda ya ce tsakanin 1570 da 1640 aka sake gina ƙauyukan ƙasar. Waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa lokacin ya bambanta daga lardi zuwa lardi, arewa ta makara ƙwarai a kan kudu, amma canjin kansa ba a musunsa. Shi ya sa benen irin waɗannan gidaje yake da gajeren kai, tagoginsa suna leƙowa daga cikin jinka: an cusa shi ne a inda ba a yi masa wuri ba tun farko.

Hukuma ta bi sawun wannan arziki da haraji. An karɓi harajin murhu daga 1662 zuwa 1689, aka maye gurbinsa da harajin taga daga 1696 har 1851. Mutane suna son su ce duk tagar da aka gani a toshe, gudun haraji ne. A manyan gidaje haka ne wani lokaci, amma yawancin ƙananan gidaje tagoginsu ba su kai adadin da ake biya wa ba. Haka kuma shekarar da aka sassaƙa a kan ƙofa ba kullum take nufin shekarar gini ba, tana iya zama ta aure ko ta gyara. Abin da masana suka fi dogara da shi yanzu shi ne ƙidayar zoben da ke cikin katako, domin icce yana ƙara zobe ɗaya kowace shekara, mai faɗi in an sami damina mai kyau, siriri in an yi fari. In aka gwada jerin zoben da na wasu itatuwa da aka san shekarunsu, ana iya sanin shekarar da aka sare iccen.

YADDA DOKA TA SHIGO

Kada mai karatu ya zaci zaman waɗannan gidaje daɗi ne a ƙarni na 19. Rahotannin hukuma na lokacin sun bayyana iyali guda, manya da yara, suna kwana a ɗaki ɗaya, ƙasa da laima, rufi yana yoyo, ba ruwa mai tsabta. Da aka yi dokar gidaje ta 1930, hukumomin gundumomi suka rushe da yawa da sunan kiwon lafiya, kuma ba za a ce duka sun yi kuskure ba.

Masu neman a tsare tsofaffin gine-gine sun riga doka farawa. A 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine. A 1895 aka kafa ƙungiyar amana da ake kira National Trust, ginin farko da ta saya kuwa shi ne gidan nan na Alfriston, a 1896, a kan fam 10. Wani abin da ya ƙara tayar da hankali shi ne attajiran Amurka da suka fara sayen tsofaffin gidaje suna kwashewa. A 1930 Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya sa aka warware wani gidan dutse daga ƙauyen Chedworth, aka loda shi a jirgin ruwa, aka sake jera shi a jihar Michigan, inda yake har yau. Arlington Row ya tsira domin wata ƙungiya ta saye shi a 1929 ta gyara, daga 1949 kuma ya koma hannun National Trust.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifi rajistar. Da jiragen Jamus suka yi ta jefa bom a birane, aka tura masu zanen gine-gine su rubuta waɗanda ya kamata a ceta in sun lalace. Dokokin tsara birane da ƙauyuka na 1944 da 1947 suka mai da wannan aiki wajibi a kan minista. Zagayen farko bai kula da gidajen ƙauye sosai ba, ido yana kan coci da gidajen manya. A watan Agusta na 1980 aka rushe wata masana'antar taya ta kamfanin Firestone a yammacin Landan cikin kwanakin hutu, ana gab da sa ta a rajista. Fushin da wannan ya jawo ya sa gwamnati ta hanzarta sabon zagaye, a nan ne dubban gidajen ƙauye suka shiga.

Dokar da ake aiki da ita a Ingila ta 1990 ce. Ministan al'adu ne yake sa hannu, bisa shawarar hukumar Historic England. Gine-ginen da ke rajista sun haura 370,000, a daraja uku. Sama da 90 cikin 100 suna daraja ta biyu, kuma nan yawancin gidajen ƙauye suke. Kimanin 6 cikin 100 suna daraja ta biyu mai tauraro, ragowar kaɗan ɗin su ne na daraja ta ɗaya. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700, in bai sauya kama sosai ba, yakan shiga, haka ma yawancin na 1700 zuwa 1850. Rajista ba ta ƙwace gida daga hannun mai shi, ba ta kuma tilasta masa ya buɗe wa baƙi. Abin da take nufi shi ne ba zai rushe ko ya sauya abin da ya shafi kamannin gidan ba, ciki da waje, sai ya nemi izni daga hukumar gundumarsa. Neman iznin kyauta ne. Yin aiki ba tare da shi ba laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyu, ko tara wadda ba a ƙayyade iyakarta ba.

Nijeriya ma tana da dokar kayan tarihi tun 1953, a 1979 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Gidan Makama na Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina suna cikin jerinta. Amma jerin gajere ne, kuma ya fi karkata ga ganuwa da masallatai da gidajen sarauta. Abin da Ingila ta yi daban shi ne ta ƙidaya gidan masaƙi da na lebura a cikin kayan tarihi.

ABIN DA DOKA BA TA IYAWA

Doka tana hana hannun mai rushewa, amma ba ta hana ruwa. Kuma ɓarnar da ta fi yawa a waɗannan gidaje cikin ƙarni na 20 daga hannun masu son gyara ta fito. Bayan yaƙi siminti ya yi araha, aikinsa yana da sauri, sai magina suka bar farar ƙasa, suka riƙa shafe bangon laka da na dutse da na katako da shi. Garin neman gira aka rasa ido.

Ga yadda abin yake. Tsohon bango yana shan ɗan ruwa in an yi ruwan sama, yana kuma fitar da shi in iska ta kaɗa, domin laka da farar ƙasa suna da ƙananan kafofi. Bangon yana kuma motsi kaɗan-kaɗan da zafi da sanyi, shafen farar ƙasa haɗe da gashin dabba yana bin sa. Siminti ba ya bin motsi, sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya taru a gindin bango. Daga waje ba a ganin kome, bango sumul, alhali a ciki lakar ta jiƙe ta zama taɓo. Wata rana sai gefen gida ya zube gaba ɗaya. In katako ne a bayan simintin sai ya ruɓe, ƙwaro ya shige shi. In dutse ne mai taushi sai ya riƙa zaizayewa, simintin da aka cusa a tsakani yana nan tsaye. Wanda ya taɓa ganin soron da aka shafe da siminti ya kumbura ya ɓamɓare da damina, ya riga ya ga wannan cuta. Maginan Hausa na dā da suke shafe da makuba ko laso, suna kuma sabunta yaɓe da duba indararo kafin ruwa ya sauka, dabararsu ɗaya ce da ta mutanen Devon. Daga shekarun 1970 aka fara farfaɗo da aikin farar ƙasa a Ingila, yanzu kuwa babban ɓangare na gyaran tsofaffin gidaje shi ne ɓamɓare simintin da aka shafa a baya.

Wahala ta biyu ita ce kayan aiki da masu aikin. Alkamar zamani gajera ce, injin girbi kuma yana kakkarya karan, saboda haka sai an shuka tsohon iri musamman, a girbe shi da tsohuwar hanya, kafin a sami karan baibaya. Yawancin ciyawar fadamar da ake amfani da ita daga ƙasashen waje ake sayo ta, irin su Turkiyya da Hangari da Sin. Hukumomin gundumomi sau da yawa suna cewa a mayar da irin abin da aka cire, kara a madadin kara, kuma suna da hujja, amma in damina ta ɓata karan bana, mai gida ne yake kwana a ƙarƙashin tamfol. Inshorar gida mai jinka tana da tsada saboda gobara, gyara kuma ana biya masa harajin saye na 20 cikin 100, alhali ginin sabon gida ba a biya masa. Wannan tsari bai dace da manufar rajistar ba, masu kula da tsofaffin gine-gine sun daɗe suna kuka da shi.

Sakamakon haka gidan da aka gina wa lebura ya fi ƙarfin jikokin leburan. A ƙauyuka da yawa na Cotswold da Devon masu kuɗi daga birni ne suke saye, wasu ba su zuwa sai da hutu, samarin ƙauyen kuwa suna tafiya neman haya a gari. Arlington Row bai shiga kasuwa ba, National Trust tana ba da gidajen haya, ɗaya daga ciki ga matafiya masu kwana kaɗan. Hoton jerin ya fito a cikin fasfon ƙasar da aka fara bayarwa a 2010, baƙi kuma suka yi ta ƙaruwa har suna leƙa tagogin mutane suna hawa katangarsu. A 2025 hukumar lardin Gloucestershire ta fara gwada taƙaita wuraren da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido za su iya tsayawa a tsakiyar Bibury.